Ara Mini Buroshinka: Mutanen Ajin Zane

Duk ɗan ƙasar Kazaure da ya ce zane zai karanta ya san sai ya bar gida. Daga 'Yankwashi ko Roni ko Gwiwa, mai takardu masu kyau shi ke kaiwa sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Mu ragowar sai mu hau motar Kano, mu sauka a ɗaya daga cikin ƙananan makarantun kuɗin nan masu kiran kansu kwaleji, alhali ɗaki uku ne da tsakar gida da janareta mai tari. Ba laifi, an koya mana aiki. Amma abin da malamai ba su saka a manhaja ba, wato haƙuri, 'yan ajinmu ne suka ɗora mu a kai.

Shugabansu shi ne mai aro. Wannan bawan Allah yakan shigo aji hannu na dukan cinya, ko biro babu a aljihunsa, amma fuskarsa a sake. Kafin ka gama buɗe jaka ya iso kanka: "Mutumina, ɗan ba ni 2B ɗinka, yanzu-yanzu." Fensirin da ka ba shi sabo fil zai dawo maka bai kai ɗan yatsa ba, ya fiƙe shi har sau babu adadi, da rezarka. Daga fensir sai magogi, daga magogi sai buroshi, daga buroshi sai farin fenti, wanda kowa ya san shi ne ke fara ƙarewa, shi ne kuma ake ɓoyewa a ƙasan jaka. Shi ya san inda kowa ke ɓoye nasa. Ba ya matsa bututun fenti daga ƙasa kamar mai tausayi, tsakiya yake kamawa ya murɗe.

Abin da ya bambanta shi da sauran mabarata shi ne yana da ra'ayi a kan kayanka. Zai karɓi buroshinka ya shafa gashin a tafin hannu, ya girgiza kai: "Kai ma dai ka daina sayen irin wannan, gashi yake zubarwa." Ka ji mutumin da bai taɓa taka shagon kayan zane da kuɗinsa ba yana lissafo maka wanda ya fi kyau da inda ake samunsa a Sabon Gari. In ya gama da fentin mai, ba zai wanke buroshin ba, sai washegari ka tarar ya sandare. Ka yi magana ya ce ai kananzir ne babu, ko kana da shi? Wani lokaci ma kayanka yake ara wa wani, a yi masa godiya kana zaune kana kallo. Bashinsa kuwa duk da kaka aka ɗaure shi: "In an sayar da riɗi, wallahi dozin zan sayo maka." An sayar da riɗi, an sayar da zoɓo, an shiga wata daminar. Ranar da na sara masa ita ce ranar da ya rasa kwali, ya roƙi bayan nawa, ya yi aikinsa a can, malam ya duba gaba ya ba ni maki, ya juya baya ya ba shi. Nasa ya fi nawa. Matsalar mai aro ke nan: yawanci ya iya zane, kuma da fentinka yake kayar da kai.

Sai mai jiran ilhama. Shi da kansa yake ɗiga wa rigarsa fenti don a san ko shi wane ne a cikin mota. Tarihi a bakinsa yake: yadda ɗaliban Zariya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka ƙi yarda su zama 'yan kwaikwayon malamansu Turawa, har aka yi musu laƙabi da 'yan tawaye. Shi ma, in ji shi, ɗan tawaye ne. Bambancin kawai, su da ayyuka suka yi nasu tawayen, shi kuwa da ƙin yin aikin gida. A ajiye tulu a kan tebur a ce kowa ya zana, sai ya watsa ja da baƙi ya ce abin da tulun ke ji a ransa ya zana. Ya fi son labarin Van Gogh da ya yanke kunnensa a 1888. Mun sha ba shi shawara ya fara da zanen, kunnen ya jira.

Akwai Ustaz, mutumin kirki, wanda zanen abu mai rai ke damun zuciyarsa, kuma ba shi kaɗai ba ne, magana ce da malamai suka daɗe suna yi. Shi sai ya samo mafita: mutanensa duk ba su da fuska, ko sun juya baya, ko rawani ya rufe komai. Hawan Sallah guda ya zana, dawakai duk sun ba mu wutsiya. A rubutun Larabci da zayyana kuwa babu mai kama ƙafarsa. Sai dai a shafin ƙarshe na littafinsa akwai wata fuska guda, da ido da gira da murmushi, wadda ya ce ƙanwarsa ce. Mun sha bikinsa da ƙanwar tasa.

Mai kwamfuta yana ganin duk wahalar banza muke yi, tunda CorelDraw zai yi a minti biyar. Da an ɗauke wuta sai ya zama ɗan kallo. Ɗan kwangila kuwa ba a ganinsa sai bayan zaɓe: a kakar zaɓen 2023 irinsa sun rubuta wa jam'iyya biyu bango ɗaya, safe da yamma, kowacce ta biya. Wanda JAMB ta kayar, babansa ya ajiye shi a nan kafin baɗi, barcinsa yake yi a bencin baya, ba ya cutar kowa. Mai lalle ta ce don ta gyara hannu ta zo, sai ga shi layin da take ja ba tare da rula ba ya fi na malamin miƙewa. Ranar Alhamis da Juma'a dai kada ka neme ta, tana gidan amarya.

Akwai kuma mai tsayawa a bayan mutum. Ba ya aro, ba ya faɗa, kayansa a cike suke, wasu ma ba a ɓare ledarsu ba. Aikinsa ya harɗe hannu a bayanka ya ce, "Anya hancin nan bai karkace ba?" Kwalinsa yana can fari tas. Na ji an ce da ya ga zanen ba zai yi ba, sai ya koma rubuta wa mujallu labarin 'yan ajinsu. Allah ya shirye shi.

Duk waɗannan in na gamu da su yau, shayi zan saya musu, har mai aron. Mutum ɗaya ne ban yafe wa ba: mai raina na gida yana ci da guminsu. Shi ne wanda zai shiga kasuwar Babura ko ta Kurmi, ya tarar da tsohuwa da ƙorai da faifai, ya ce, "Iya, ɗan ɗaga in gani," ya ɗauki hoto da waya, ya wuce ko ludayi bai saya ba. Ya dawo ya kwafe zanen layi-layi, ya buga a riga ko a ƙyalle, ya sa hannu a ƙasa da manyan baƙaƙe, ya ɗora a Facebook ana yi masa kirari. Ka ce masa ai aikin Iya ne, sai ya taɓe baki ya ce nata sana'a ce kawai, nasa ne fasaha, domin shi ya yi makaranta. Haka yake yi wa mai ɗinkin aska takwas, da maginin da ya yi wa zaure ado da dagi, da almajirin da ya yi zayyanar allo ranar sauka.

Wannan ba wayo ba ne, sata ce, da jahilci a kanta. Waɗanda ake taƙama da su a Zariya, abin da suka yi wa tawaye ke nan: Uche Okeke zanen uli na matan Ibo ya koma ya koya, bai kuma ɓoye inda ya samo ba. Ladi Kwali tukwanen gargajiya take ginawa a ƙauyensu tun kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, yau ga hotonta a bayan naira 20. Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ba shi da difloma, masu digiri ne suka riƙa zuwa auna bakan gizonsa. Marinar Ƙofar Mata, da ake lissafa kafuwarta daga 1498, ba ta jira kowa ya ba ta maki ba.

Don haka, ɗalibi, in ka ɗauki zanen Iya, sayi ƙwaryar, ka tambayi sunanta da garinsu, ka rubuta kusa da naka. Kai kuma mai aro, in wannan ta iso gare ka, na yafe fensira da fenti, amma buroshina mai lamba 6 ina nan ina jira.