Zuwa ga taubashina mai shirin rushe soron Kaka

Taubashi, daga Bicenza ta ƙasar Italiya nake rubuto maka. Saƙonka ya iso, wai in aiko maka da hoton gidan Italiya domin ka rushe soron Kaka ka dasa irinsa, da tayil mai sheƙi da ginshiƙai biyu a ƙofa. Kai da ko akurkin kaji ba ka taɓa tsarawa ba, yau kai ne injiniya! Hoto dai ba zai zo ba, kuma ga dalilina. Gidajen mutanen nan sun yi kyau ne saboda an tsara su a kan rayuwar iyalin da zai zauna a ciki har jikoki da tattaɓa-kunne, kuma wajen riƙon gidan kaka sun fi ka nesa ba kusa ba.

Ginshiƙan nan da suka tsone maka ido, mutumin garin nan ne ya yayata su a duniya, Andrea Palladio, wanda aka haifa a Padua a 1508, ya rasu a 1580. Da sassaƙar dutse ya fara yana yaro a hannun ubangida, kafin ya wallafa littafinsa na gine-gine mai kashi huɗu a 1570. Gidan da ya tsara wa dangin Emo a ƙauyen Fanzolo ya isa hujja. Ɗakin taron maigida yana tsakiya a bisa tudu, dogayen rumfuna biyu sun miƙe dama da hagu domin hatsi da kayan noma, a ƙarshen kowace kuma akwai hasumiyar tantabaru. Maigida zai zaga ma'ajiyarsa a cikin inuwa, ruwan sama bai taɓa shi ba. Gidan manoma ne mai kyan sarauta, ya kuma zauna a hannun dangin sama da shekara 400, sai a 2004 ya fita. Kafin Palladio ya zana ginshiƙi ko ɗaya, sai da ya san abin da mutanen suke nomawa, da inda za su ajiye shi, da inda baƙo zai tsaya. Tambayoyin da maginin Kaka ya yi ke nan kafin ya sa zaure a gaba, shigifa a bayansa, turaka da rumbu a ciki. Ita kanta sana'ar gado ce a nan, yadda take a gidan magina na Babban Gwani a Zariya. A yankin Brianza da ke arewa da Milan, shagunan kafintoci na gida ne suka zama manyan kamfanonin kujeru: 'yan'uwa biyu suka kafa Cassina a 1927, Molteni kuma tun 1934 yana hannun zuriyar wanda ya kafa shi.

Na san bakinka, za ka ce wannan harkar masu kuɗi ce. To, a Alberobello da ke kudancin ƙasar talakawan manoma ne suka tsinci duwatsun gonakinsu suka jera ba siminti ba kwaɓi, suka yi ɗakuna masu tsinin kai kamar rumbunan ƙauyenmu, suka shafe da farar ƙasa. Kaurin bangon yana riƙe sanyi lokacin zafi. UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1996, yau kuma mutane na biyan kuɗi su kwana a ciki. Hujjarka ta biyu, wato tsohon gida a kan watse a bar shi, kuma yakan zama haɗari, ta fi nauyi, ba zan raina ta ba. Akwai garuruwa a tsibirin Sisili, irin su Sambuca da Mussomeli, da matasa suka watse suka bar gidajen kakanni har aka riƙa sayar da su yuro ɗaya, girgizar ƙasar 2016 kuma ta rushe tsohon garin Amatrice, mutum kusan 300 suka rasu a yankin. Amma yuro ɗayan nan da sharaɗi yake zuwa: mai saye zai gyara gidan cikin wa'adi, hukumar garin ba ta ce a kawo buldoza ba. Tsohon gini yana zama haɗari ne idan aka daina kula da shi da ƙarfafa shi, kai ma shaida ne a kan abin da damina uku ke yi wa katangar tubali da ba a yaɓe ba.

Saboda haka ka nemo magini dattijo kafin ruwa ya sauka, ya duba azara ko gara ta shiga, ya gyara indararo, ya tayar da zankon da ya karye. Ka sa wayar lantarki da famfo da banɗaki na zamani, mutanen nan ma haka suke yi a cikin bangon da ya girmi kakanninsu. Idan tayil ɗin ne ya hana ka barci, ka shimfiɗa shi a banɗakin ka huta. Kuɗin yaɓen bana a kaina, amma a hannun Kawu zan sa, don na san ka da kilishi. Lissafin kuɗin shara da ke tsakaninmu ma yana nan, teku ba ta wanke shi ba. Ka gaida Kawu da amarya da yara.

Taubashinka.