Mutanen Gaban Sikeli

An ce in kana son sanin halin mutum ka yi tafiya da shi. Ni dai na ga ba sai an kai ga tafiyar ba. Ka je filin jirgin sama na Malam Aminu Kano a ranar da jirgin Jidda ko na Addis Ababa zai tashi, ka sami bango ka jingina, ka zuba wa sikelin awon kaya ido. Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, amma har yau ba mu gama shawara a kan abu guda ba: me zan riƙe a hannu, me kuma zan miƙa a jefa a cikin jirgi?

Dokar kanta ba ta da wuyar haddacewa. Jakar hannu kilo 7 ce a yawancin kamfanoni, wasu su yi maka alfarmar 8. Babbar jaka kilo 23, kuma ko nawa za ka biya ba a son guda ɗaya ta wuce 32, saboda masu lodi su ma 'ya'yan mutane ne, suna da gadon baya. Abu mai ruwa-ruwa kuwa, tun da aka bankaɗo shirin tarwatsa jirage da sinadari a kwalaben lemo a Landan a 2006, a yawancin filayen jirgi ba ya shiga jakar hannu in mazubinsa ya wuce mililita 100. Shi ke nan fa. Amma a kan wannan 'yar ƙa'ida jama'a suka rarrabu dangi-dangi.

Na farko shi ne Alhaji Ba-na-awo. Tafiyar mako biyu zai yi, amma ɗan akwati guda yake ja, yana wuce masu layi yana yi musu kallon da mai azumin nafila yake wa masu cin rana. Ba sai ka tambaye shi ba, shi zai faɗa maka: shekara goma rabonsa da tsayuwa jiran kaya. Ɗan akwatin nan mai taya biyu da mariƙin da ake zarowa, wani matuƙin jirgi ne Ba'amurke, Robert Plath, ya ƙirƙiro shi a 1987 don kansa da abokan aikinsa, shi ya sa Alhaji in yana jan nasa yake takun direban jirgi. Ɗariƙar tasu ta yi ƙarfi ne daga 2008, da kamfanin American Airlines ya fara karɓar dala 15 a kan jakar farko da aka auna, sauran suka bi sahu, kowa ya koma cusa duniyarsa a saman kai. Abin da Alhaji ba ya faɗa shi ne wankin dare a bahon otal, da yadda duk hotunan tafiyar suke fitowa da shadda guda ruwan toka. Ranar da dubunsa take cika ita ce ranar da ma'ajiyar sama ta cika kafin ya shiga, a karɓe akwatin a bakin ƙofa a tura ƙasa. Sai ka gan shi a wajen jiran kaya yana ɓuya a bayan ginshiƙi. A gida kuwa yara sun daina fita tarbarsa, don sun san hannu rabbana zai dawo.

Kishiyarsa a aƙida ita ce Hajiya Kilo-bakwai-ne. Ita ma jakar hannu ce makaminta, sai dai abin da ke ciki ya kai kilo 18. Gwanintarta a riƙon take. Da yatsu biyu za ta ɗauko jakar, tana ɗan kaɗa ta kamar ba komai ciki sai mayafi, tana murmushi, alhali jijiyar wuyanta ta miƙe kamar tsirkiya, gumi yana bin gefen ɗankwali. In ma'aikaci ya ce, “Hajiya, a ɗora a gani,” sai ta ce, “Haba ɗana, carbi ne fa da 'yan magunguna.” In ta tsallake, wahalar ta koma kan wanda Allah ya haɗa ta kujera da shi. Na taɓa zama wannan bawan Allah a hanyar dawowa daga Umara. Ta ce, “Ɗan albarka, ɗan ɗaga mini.” Na sunkuya da hannu ɗaya don in nuna ƙuruciya, na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Da na tattaro ƙarfi na kai ta sama, sai na ji carbin yana ƙarar faranti. Daga baya ta gaya mini da bakinta: saitin tangaran ne na auren autarta, da na'urar markaɗe, da dabino kilo 4. Ta ba ni dabino uku ladan aiki. Kwana tara ina sallah a zaune.

Akwai kuma wanda ya gano cewa kaya ake aunawa, mutum ba a ɗora shi a sikeli. Wannan sai ya mayar da jikinsa akwati. A Turai ma ana yi: a 2018 an hana wani matashi shiga jirgi a ƙasar Aisland saboda ya sa wando takwas da riga goma. To amma shi bai san babbar riga ba. Namu zai sa singileti uku, jamfa biyu, tazarce, rigar sanyi, sannan ya lulluɓe da malum-malum, aljihun gaba ɗauke da caja, turare da takalmin yaro. Hula uku a jere a kansa kamar mai tallarsu a kasuwar Kurmi. A watan Afrilu fa, a Kano. Yana tafe hannuwa a buɗe don ba sa haɗuwa da jiki, har ya iso wajen bincike a ce ya tuɓe na sama. Nan ne ake gane mutumin siriri ne.

Mai zazzage ba ya ɗaukar lokaci wajen bayani, lokacin mutane yake ɗauka. An ce jakarsa kilo 26, sai ya durƙusa a tsakiyar layi ya buɗe, asirin gida duk a waje, ya kwashe kilo 3 ya zuba a ɗaya jakar da dama ta cika. A auna waccan a ce ta wuce, ya maido. Yana ganin in aka yi ta kai da kawowa wasu kilolin za su gaji su zube a hanya. Ƙaninsa shi ne mai sa babban yatsan ƙafa a ƙarƙashin jaka yana ɗan tallafa mata a kan sikeli, yana kallon rufin ɗaki kamar mai tunanin lahira.

Sai mai roƙon kilo. Zai matso kusa da kai da sallama mai taushi: “Bawan Allah, na ga kayanka ba yawa, ko za ka taimaka a rubuta wannan 'yar jakar da sunanka?” A nan dariyata takan tsaya. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba da ta je Umara daga Kano saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, ta yi wata huɗu a tsare a Saudiyya, ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya yake kaiwa ga kisa, kafin gaskiya ta fito. Wannan ba ta ma karɓi jakar kowa ba ke nan. Saboda haka mai roƙon kilo, ko da gemunsa ya kai cibiya, amsata gare shi ita ce Allah ya ba da haƙuri, kuma ina ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da aka manna mini a bayan tikiti kafin in bar kanta.

Malam Tawakkali shi komai nasa awo yake bayarwa. Maganin hawan jini, mukullin gida, takardun asibitin da zai je, tabarau, duk suna cikin babbar jaka, shi kuwa ya shiga jirgi da fasfo da asuwaki. Har fawa-bank yake turawa, wanda doka ta ce a hannu ake riƙe shi, domin batirin litiyam in ya kama wuta gara a ce a gaban mutane ne inda za a gani a kashe. Shi ne wanda ake kiran sunansa a lasifika, an karya sunan gida uku, ya sauko ya buɗe jaka a gaban jami'ai. In kuma aka yi rashin sa'a ya sauka Alƙahira jakar ta wuce wani gari, sai a ba shi takarda ya cike, a ce ya jira. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ce sai jaka ta yi kwana 21 ba labari kafin a kira ta ɓatacciya. Kwana 21 da riga ɗaya, ya zama Alhaji Ba-na-awo ba da niyya ba. A garin Scottsboro na jihar Alabama akwai wani kanti da tun 1970 sana'arsa sayen kayan matafiya da aka rasa masu su yana sayarwa. Nakan yi tunanin wani Ba'amurke yana can yana noma da zanna-bukar ɗin Malam Tawakkali a ka.

Ban manta da ma'abota Gana-mas-go ba, jakar da ta samo sunanta daga korar baƙi ta 1983 a zamanin Shagari. Ba ta da nauyin kanta, ba ta ƙin kaya, kuma ba ta da siffa, shi ya sa take maƙalewa a bel ɗin kaya, har kamfanin jirgin Habasha ya hana karɓarta daga Nijeriya a 2023. Masoyanta sukan naɗe ta da leda, su ɗaure da igiya, su rubuta suna da unguwa da lambar waya a kowane gefe. Masu baƙin akwati kuwa dabararsu ɗaura jan ƙyalle a mariƙi don su gane nasu. Kowa ya yi wannan dabarar. Baƙaƙen akwatuna arba'in ne za su fito a jere, kowanne da jan ƙyallensa.

A Jidda ake ganin gwanayen gaske. A shekarun baya an ba alhaji kilo 32 na babbar jaka da 8 na hannu, an ce zamzam lita 5 ne rabonsa kuma daban ake ɗaukarsa, kada a sa a kaya. Sai ya cika gorunan roba, ya naɗe kowace da harami, ya binne a tsakiyar dadduma, yana zaton na'urar haska kaya tana jin nauyin harami. Ba ta ji.

Duk waɗannan ina yi musu dariya ne daga nesa. Dangin da nake ciki shi ne na mai sautu, kuma mu ne muka fi kowa yawa. Littattafan shawarwarin tafiya na Turawa suna magana kamar kilo 23 ɗin nan mallakar matafiyi ne shi kaɗai, ya zauna ya tsara wando nawa, riga nawa. A wajenmu da zarar biza ta fito, kilon ya zama gādo, kowa da rabonsa. Lokacin da zan tafi Ingila wani taro, na shirya tsaf da jakar hannu, na ƙudurta zan shiga ɗariƙar Ba-na-awo. Ana gobe tafiya yayata ta aiko a kira ni. Ɗanta yana karatu a Mancesta. Ta ce, “Auta, ɗan saƙo ne ba yawa.” Ɗan saƙon ya haɗa da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin ƙuli, garin kunu, zuma, man shanu a galan, da kilishi da aka naɗe a takarda har ninki biyar. Na ce, “Yaya, nama da kayan madara ba sa shiga Ingila daga nan, ƙwacewa ake yi.” Ta dube ni ta ce, “Kilishin ne nama?” Na rasa amsa. Da ƙyar na samu aka janye kilishi da man shanu, bisa sharaɗin a cike gurbinsu da turaren wuta na matar abokinsa da ban taɓa gani ba. Kafin magariba maƙwabciya ta ji labari ta kawo atamfa biyu, aminin mahaifinmu ya aiko da huluna. Zuma ba ta shiga jakar hannu, daddawa kuwa ko ta shiga, ni ba zan zauna awa shida a ƙarƙashinta ina haɗa ido da mutane ba. Haka na sayi babban akwati a daren. Da aka auna, kilo 22 da ɗigo 8, kuma a ciki abin da yake nawa safa ce ƙafa biyu.

A cikin jirgin na zauna kusa da wani ɗan dangi na ƙarshe, mai miƙewa tun taya ba ta gama taɓa ƙasa ba ya buɗe ma'ajiyar sama, ma'aikaciya tana roƙonsa ya zauna. Irinsa ne aka gani a bidiyo a Dubai a 2016 suna jawo jakunkuna jirgi yana cin wuta. A Tokiyo kuwa, ranar 2 ga Janairun 2024, mutum 379 suka fita daga jirgi mai ci da wuta ba wanda ya rasa ransa a cikinsu, kuma an yaba musu ne da cewa sun bar kayansu. Na faɗa wa maƙwabcin nawa haka. Ya ce ai su ba sautu suka ɗauko ba.

Akwatin ya fito lafiya, da jan ƙyallensa. Na ja shi a jirgin ƙasa har Mancesta, na hau da shi bene hawa uku. Yaron ya buɗe, ya ɗaga ƙullin kuka, ya ɗaga daddawa, ya yi godiya sosai, sannan ya sosa ƙeya ya ce, “Kawu, ai duk akwai waɗannan a wani shago nan bayan layinmu. Kilishin ne dai babu.” Kafin in sami abin cewa ya shige ɗaki, na ji yana jan wani abu mai nauyi a ƙasa.

“Kawu, ɗan saƙo ne za ka kai wa Umma, ba yawa.”