Daren da baƙonmu ya kwana a kan shinkafa

A danginmu ni ne Bature. Tun da na yi difloma, duk takardar da ta shigo gida, daga ta asibiti har ta jikin kwalbar maganin feshi, ni ake miƙo wa. Saboda haka da wani ɗan kasuwa ya taso daga Legas neman shanshera wajen manoman Bakolori, Kawu bai shawarci kowa ba ya naɗa ni tafinta.

Ranar Talata muka tarye shi a Mafara, kasuwa tana tsakiyar ci. A hanya na shiga zuba masa ilimi: madatsar Bakolori tana can wajen Maradun a kan kogin Sakkwato, Italiyawa suka gina ta, an gama a 1978, ruwanta ke shayar da gonaki har Bakura. Baƙo yana gyaɗa kai, Kawu yana kallona yana jin kuɗin makaranta ba su faɗi ƙasa banza ba.

A shagon Kawu da ke Bakura lissafi ya fara kwancewa. Kawu ya ɗauko gaisuwa, ya bi ta tsadar taki, ya gangaro kan kuɗin fetur na injin ban ruwa. Baƙo ya dubi agogo ya ce, "Please, don't beat about the bush."

"Mi ya ce, ɗan nan?"

"Ya ce kada mu kuskura mu taɓa daji, Kawu."

"Allah sarki! Wanga mutum ya san halin da muke ciki." Nan aka buɗe sabon babi na labarin 'yan bindiga, har aka kira la'asar. Ashe roƙo yake a bar kewaye-kewaye a faɗi farashi. Maganar ta samo asali ne daga maharban Ingila masu bugun ciyayi don tsuntsaye su tashi, ba ruwanta da dajinmu.

Da aka faɗi kuɗin buhu, sai ya dafe kai: "This will cost me an arm and a leg." Na fassara tsakani da Allah, na ce ya ce hannunsa da ƙafarsa za su tafi. To, a jihar da Shari'a ta fara aiki tun shekarar 2000, wannan ba maganar wasa ba ce. Shago ya yi tsit. Can Kawu ya sunkuyo ya raɗa mini, "Tambaye shi a hankali, mi ya sata?" Ban tambaya ba. Kawu dai tausayi ya kama shi, ya zaftare farashi ba tare da an taya ba. Mutumin nan tsada kawai yake kuka da ita.

Duk da haka bai amsa ba. Ya ce, "Let me sleep on it."

Wannan kam na ji ta sarai, ko ɗan firamare ya san kalmomin. Yana son kwana a kan kayan ke nan, kada a musanya cikin dare. Kawu ya ɗan ji zafin zargin, amma baƙonka sarkinka. Aka jera buhuna, aka shimfiɗa tabarma, aka ɗaura gidan sauro, aka ajiye buta da tocila. Bawan Allah ya dube ni, ya dubi buhuna, ya ɗauka al'adar masu shinkafa ce, ya cire takalmi ya hau. Wanda ya san ƙaiƙayin shanshera ya san irin daren da ya yi.

Da safe ƙanwata 'yar aji uku a sakandare, tana miƙo koko, ta ji labari ta kusa zubar da kwano don dariya. Wai nufinsa a ba shi zuwa gobe ya yi tunani. Na so in yi wa Turawa faɗa kan magana a karkace, sai ta tuna mini mu ma kasuwa cin ta muke yi, iska kuma sha.

Baƙo ya sauko yana susa, ya biya nan take ba ciniki, ya nemi mota. Da Kawu ya gane dalilin ragin da ya yi, sai ya cire shi daga la'adata, har da kuɗin batirin tocila.