Yadda na zama Furofesan iska

Ƙanena da ke karatu a Amurka ne ya jawo mini. Ya aiko da wata 'yar na'ura, PurpleAir, fara kamar an kife kofin roba, wai tana auna ƙurar da ido ba ya gani. Ƙwayoyin PM2.5 ke nan, waɗanda sai an jera kusan talatin kafin su kai kaurin gashi guda, su ne masu zarcewa can cikin huhu. 'Yar fanka ce a ciki ke zuƙo iska, hasken leza ya ƙirga abin da ya gifta, lissafin ya hau taswirar duniya ta intanet.

Na kafa ta a katangar waje, ƙarƙashin kwano. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ma'aunin waɗannan ƙwayoyi na yini ya wuce 15. Ni kuwa kullum la'asar sakaliya sai ɗigon gidanmu a taswirar ya rikiɗe daga ɗorawa zuwa ja, ya koma shunayya.

Mako biyu ina rubutawa a littafi, sai na fara hasashe a majalisa: "Yau biyar da rabi kowa ya rufe taga." Ban taɓa kuskure ba. Aka laƙaba mini Furofesa, ni kuma ban yi gardama ba. Har na taka na yi wa maƙwabci nasiha kan hayaƙin janaretansa. Bawan Allah ya saurare ni tsaf, sannan ya ce janaretan ya fi wata uku a wurin bakanike.

Maiɗakina ce ta kira ni rannan.

"Malam, zo ka ga masana'antar taka."

Daidai ƙarƙashin na'urar, wata mai ƙosai ce durƙushe, tana hura ɗanyen icce da tsinken leda. Kullum ni ke aika yaro da kwano wurinta.

Na mayar da na'urar kan soro. Hunturu ya kama, hazo daga Bodele ta ƙasar Chadi ya turnuƙe gari, rana kamar faranti. Ashe irin waɗannan na'urori masu araha ba su cika ganin ƙura mai kauri ba. Na duba waya, na sanar wa majalisa cewa yau iska da sauƙi, ina magana yashi na ƙas-ƙas a haƙorana.

Yanzu in na fito, yaran unguwa sai su ce, "Furofesa, yau za a yi ƙosai?"