Akwatin da Gwaggo Ta Haɗa Mini

A gidanmu akwai dokar haɗa kayan tafiya, kuma ta girmi jirgin sama. Abu mai daraja ƙasan akwati yake zuwa, a danne shi da tufafi, a sa kwaɗo. Abin da za a buƙata a hanya, wato abin ci da wuƙar yanka shi, shi ake riƙewa a hannu. Mai tsaron wannan doka ita ce Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ke zaune a garin Katagum, can bakin kogi, kuma har gobe tana kallon Azare a matsayin sabuwar unguwar da sarki ya koma. Ilmin ta gaje shi ne daga kakanta, wanda ya je Makka a ƙafa ta Barno da Wadai da Sudan, ya haye Bahar Maliya a jirgin ruwa daga Sawakin, ya dawo ya tarar yaran da ya bari a goye suna riƙe da fartanya. Ga mai irin wannan tafiya, dokar ba ta da aibu. Ni kuwa Umara zan je, daga Kano zuwa Jidda, tafiyar da ba ta cika awa biyar ba.

Ban san muna da dangi da yawa a Makka ba sai da biza ta fito. Kowa a unguwa ya tuna da wata ƙanwar kaka ko wani ɗan maƙwabci da ke can tun zamanin Sardauna, kuma kowannensu, wai, yana mutuwa da kwaɗayin daddawa. Aka yi ta kawo kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, dambun nama, kilishi, da bandar kifin da Gwaggo ta zo da ita da kanta a kwali. Ƙanena ya ba ni aron fawa bankinsa, tare da jawabi mai tsawo a kan abin da ya saye shi. Wani maƙwabci da ko gaisuwar kirki ba ma yi ya kawo wani ƙunshi da aka naɗe da baƙar leda, aka ɗaure da salatif har ba a gane kai da gindi.

"Mene ne a ciki, Malam?"

"Ɗan abin miya ne kawai. Allah ya kai ka lafiya."

Ana gobe tafiya na fita zagayen sallama, daga wannan zaure zuwa wancan, ina karɓar addu'a da jerin sunayen waɗanda zan roƙa wa haihuwa da ƙarin girma a wurin aiki. Kafin in dawo Gwaggo ta gama aiki. Akwati ya ƙulle, ta zauna a kai tana jan carbi, jakar hannu kuma tana gefe ta cika fam. Uwargida ta ja ni gefe ta sa mini fasfo da guzuri a aljihu, ta ce da ƙyar ta ƙwato su, don har an yi musu masauki a ƙarƙashin kifi.

"Gwaggo, harami fa?"

"Kai ɗan nan, ni za ka koya wa? Yana inda ya dace da shi."

Na zuge jakar hannu kaɗan, na hango farin ƙyalle a ninke, hankalina ya kwanta.

Muka kama hanya da asuba, ni da ƙanena, ta Jama'are da Shuwarin da Wudil. A filin jirgin Malam Aminu Kano, na ɗora akwati a kan sikeli, ma'aikaciyar ta dubi lamba, ta dube ni, ta sake duban lamba. Ƙa'idar tikitina kilo 23 ce. Alhazan da ke tashi da hukuma a lokacin Hajji ma, waɗanda ake yi wa sassauci, kilo 32 ake ba su a wancan lokacin, da jakar hannu mai kilo 8, kuma akwatina ya wuce nasu da rata. Sai ta yi mini tambayar da babu ɗan Azaren da zai iya amsa ta da gaskiya ba tare da ya ambaci rabin unguwarsu ba.

"Alhaji, kai ka haɗa kayanka? Akwai wanda ya ba ka saƙo?"

Nan gumi ya karyo mini, don na san dalilin tambayar. A ƙarshen 2018 wata ɗaliba ta tashi daga wannan filin zuwa Umara tare da mahaifiyarta, aka kama ta a Madina saboda wata jaka mai ɗauke da tiramadol da wasu miyagu suka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan NDLEA ta kama waɗanda suka ƙulla abin, ga shi kuwa a Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya yana kaiwa ga kisa. Ita ko ganin jakar ba ta taɓa yi ba. Ni kuwa ga ni da ƙunshin baƙar leda da na karɓa da hannuna biyu, har na yi godiya.

Na durƙusa a tsakiyar jama'a na buɗe akwati. Warin daddawa ya tashi, layin da ke bayana ya ja da baya taku biyu, ban da wata tsohuwa da ta matso tana tambayar ko ta Katagum ce. Na yaga ledar maƙwabci da haƙori. Garin kuka ne, gaskiyarsa. A tsakiyar kukar kuma ga goro fari ƙal, an jera shi cikin ganye. Duk shekara sai hukumar alhazai ta yi gargaɗi a kan shiga Saudiyya da goro, kuma mutumin ya sani sarai, in ba haka ba me ya kai goro cikin kuka? Goro ya koma hannun ƙanena. Kifi ya bi shi, sai kilishi, sai rabin daddawa, har sikeli ya haƙura. Ban tona zuwa ƙasa ba, don abin da ke sama ma ya ishe ni kunya.

Akwati ya wuce, na nufi wurin binciken jakar hannu ina jin na gama da wahala. Jakar ta shiga na'ura, ta fito, aka mayar da ita, sai jami'in ya kira abokin aikinsa su kalla tare. Ya sa safar hannu ya fara jera kaya a kan tebur, a nitse, ɗaya bayan ɗaya: wuƙa mai kube, wadda za a yanka kilishin da yanzu yake waje da ita, aska da almakashi, don Gwaggo ba ta yarda da wanzaman Makka ba, kwalbar zuma, sai gorar man shanu mai lita guda, an toshe bakinta da tsumma an ɗaure da zare.

"Alhaji, yaƙi za ka ko Umara?"

"Ranka ya daɗe, gwaggota ce."

"Kullum gwaggo ce," in ji shi.

Ya yi mini bayani ba tare da faɗa ba. Duk abu mai kaifi a babban akwati ake sa shi. Abu mai ruwa ko maiƙo kuwa ba ya shiga jakar hannu in mazubinsa ya wuce mililita 100, dokar da aka kafa tun 2006, lokacin da aka bankaɗo shirin tarwatsa jiragen da ke tashi daga Landan da sinadarai a kwalaben lemo. Wato da wuƙar da man shanun suna cikin akwati, da babu mai ce mini uffan. Na ce man shanu ai ba ruwa ba ne, daskararre ne. Ya karkata gorar, man ya gangara a hankali zuwa wuya, zafin Kano ya ba da shaida a kaina. Na koma da gudu na danƙa wa ƙanena, wanda a lokacin ya fara kama da mai shirin buɗe tireda.

Ina zaune ina jiran shiga jirgi sai na ji sunana a lasifika, cikakke, har da na kakana. Fawa banki ne. Gwaggo ta ji kuɗinsa, ta yanke hukuncin cewa dukiya ce, ta cusa shi cikin safa a tsakiyar akwati. A nan kam ban yi gardama ba. Batirin da ke cikin irin waɗannan na'urori, in ya tsage ko ya yi zafi, da kansa yake kama wuta. In a wurin fasinjoji ne, wani zai ga hayaƙi a kashe, a ɗakin kaya kuwa babu ido. A watan Agustan 1980 wuta ta tashi a ɗakin kayan wani jirgin Saudia da ya baro Riyad zuwa Jidda, ya juya ya sauka, amma mutum 301 da ke ciki babu wanda ya fita da rai. Na ciro abin, na rufe akwati, na sa hannu a takarda.

A cikin jirgi na samu kujera kusa da wani dattijo ɗan Misau, gajere, wanda ya ɗaura haraminsa tun daga Kano. Ya ce mai zuwa Jidda kai tsaye a sama yake wuce miƙati, don haka shi ba ya wasa. Na ce nawa yana nan a jaka. Da aka sanar cewa miƙati ya kusa, na sauko da jakar, na zaro farin ƙyallen, na warware. Ya ci gaba da warwaruwa. Ba tawul biyu ba ne, alawayyo ne sabo, yadi a kan yadi, ga wata 'yar takarda an maƙala da allura, da rubutun ajami: a wanke mini da Zamzam.

Dattijon ya karanta, ya dube ni.

"Yaro, wannan ai likkafani ne."

"Na gwaggota ne, Baba."

"Allah ya ba ta tsawon rai. Naka haramin fa?"

Sai a lokacin na fahimci "inda ya dace da shi". Harami abu ne mai daraja. Yana can ƙarƙashin ƙafafunmu, a gindin akwati, tare da ɗamararsa da maganina na hawan jini.

Baba ya lissafa mini zaɓi da yatsu. In yi niyya da kaftanina, in biya fidiya: azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka. Ko kuwa in lura cewa abin da ke hannuna fari ne, mai tsarki, kuma allura ba ta taɓa ɗinka shi ba. Na auna farashin tunkiya da riyal, na ce a raba ƙyallen. Almakashi yana Kano. Baba ya kama bakin yadin da haƙoran da goro ya rina, ya ɓantare, muka ja, ƙarar yagewar ta sa rabin jirgin ya waiwayo.

Wanda bai taɓa ɗaura alawayyo a banɗakin jirgi ba, kada ya yi mini dariya. Gwiwar hannu na bugun ƙofa, kai na bugun rufi, yadin kuma shara-shara, sai da na ninka shi biyu kafin mutunci ya samu. Babu ɗamara, don haka na fito hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da kaftani, ina Labbaika da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji.

Na yi ta lallashin kaina cewa da mun sauka zan canza. Muka tsaya a bakin bel ɗin kaya har ya daina juyawa. Akwatin da aka sauke don fawa banki bai sake hawa ba, sai jirgin da ke biye. Haka na yi ɗawafi da sa'ayi a cikin likkafanin Gwaggo, na nemi kantin magani ina kwatanta ƙwayar hawan jini da hannun da ba ya riƙe da ƙugu, wanzamin Makka kuma ya yi mini aski tas, ban ga abin da ta tsana a wurinsu ba. Daga baya na wanke ƙyallen, na jiƙa shi da Zamzam kamar yadda aka umarta, na shanya. A dawowa ban bari ko kwalba ɗaya ta shiga akwati ba, don an hana; gora mai lita 5 da aka rufe a leda ita ce ake yarda da ita, a ba da ita daban.

Na je Katagum da fargaba. Na ajiye dabino da carbi, sannan na miƙa likkafani gida biyu, na faɗi yadda aka yi tun daga Kano. Gwaggo ta yi shiru tana shafa bakin da aka yaga.

"Sau nawa ya zagaya Ɗaki?"

"Bakwai, Gwaggo."

"Safa da Marwa fa?"

"Har da su."

Ta ce to ba ta da ƙorafi a kan wannan. Ƙorafinta man shanu ne, wanda ƙanena ya rantse ya narke a hanya, tare da zuma da kilishi. Kafin in baro garin, ƙawayenta sun fara aiko da nasu alawayyon, kowacce da sharaɗin cewa ba wanki kaɗai take so ba, a ɗaura shi a yi ɗawafi. Duk wanda ke da niyyar Umara bana daga ƙasar Katagum, ya neme ni, akwai harami kyauta.