Kowa da Dajinsa: Masu Yi wa Tsohuwar Jif Kwaskwarima

Tsohuwar mota mai ja da ƙafa huɗu ba ta da ranar hutu a ƙasar nan. Ta gama bauta a Turai ko Amurka, an lodo ta a jirgin ruwa ta sauka Kwatano ko Legas, ko kuma wata ƙungiyar agaji ta yi gwanjonta bayan ta tatse ta tas. Maimakon a bar ta ta ƙarasa kwanakinta tana kai yara makaranta, sai ta faɗa hannun wanda ya rantse sai ya mai da ita motar daji. Masu wannan rantsuwa iri-iri ne, kuma duk wanda ya taɓa ɗumama benci a garejin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san su da fuska.

Alhaji Ɗaga-ta tsawo kawai yake nema. Ranar da ya karɓi makulli, ko baƙin mai bai canza ba, zai zarce wurin makaniki ya ce, "Oga, so nake in na tsaya a danja in riƙa kallon rufin motar kowa." Sai a sa dogayen sifirin, a cusa ƙarafa tsakanin bodi da shasi, mota ta miƙe. Abin da aka gaya masa bai ji ba shi ne, ƙullutun nan na tsakiyar aksul, wanda shi ke fara gaisawa da dutse, yana nan inda yake, don ba abin da ke ɗaga shi sai babbar taya. Nauyin motar ne ya koma sama. Saboda haka kowace kwana sai ta yi rangaji, farfela ta karkace tana gurnani, tayoyin gaba suna cinyewa ta gefe guda. Amma rigimar gaske a gida take. Hajiya ta ce ita ba za ta yi dabo da zani a bainar jama'a ba, dole aka ajiye kujera 'yar tsugunno a bayan mota. Shi kansa Alhajin, ran Juma'a, sai ya tattare babbar riga, ya damƙi sitiyari, ya yi bismilla sau biyu kafin ya haye.

Abokinsa na majalisa ya ji labarin ƙullutun aksul, sai ya sayo manyan tayoyin laka masu kaushin baya, waɗanda ke kuka a kwalta tun daga layi uku. Mota ta rasa kuzari, birki ya yi nisa, allurar gudu ta koma yi masa ƙarya: tana nuna ɗari alhali ya wuce nan. Duk bai damu ba, sai da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Yanzu tayoyin huɗu suna ƙofar gidansa, a kansu ake zaman majalisar.

Wanda na fi tausayi shi ne mai bututu. Kun san shi, baƙin bututun nan da ke hawa ta gefen gilashin gaba har rufi. Amfaninsa na gaskiya ne: inji ya shaƙi iska daga sama, inda ƙura ta fi sauƙi, kuma ruwa bai cika kaiwa ba. To shi gogan naka ya ɗauka daga ranar da aka ɗaura shi motarsa ta zama kwalekwale. Bai tambaya ko an like mahaɗar bututun da gidan matatar iska ba. Wani ma mai walda ɗaura masa kawai ya yi don ado, ƙasan bututun bai haɗu da komai ba. Sai watan Agusta ya zo, ruwa ya shanye kwalbati, 'yan acaɓa da masu a-daidaita-sahu sun yi cirko-cirko suna jiran ya janye. Nan ne ranarsa. Zai zuge gilashi ya ce, "Samari, ku ɗan matsa mana." Ya kutsa da gudu, ruwa ya haye bonet, jama'a na tafi, sai a tsakiyar kwalbatin ka ji ƙwas, shiru. Fistin yana iya matse iska da mai, amma ba ya iya matse ruwa, don haka ƙarfen da ke riƙe da shi ne ke lanƙwashewa. Daga nan sai sauke inji. Ko da bututun na ƙwarai ne, akwai wayoyin lantarki, akwai ƙananan kafofin numfashi a aksul da giya da ke zuƙar ruwa idan ƙarfe mai zafi ya ji sanyi. Samarin da ya ce su matsa su ne za su naɗe wando su iso taga. "Yallaɓai, turawa dubu biyar ne. In ka tsaya ciniki har ruwan ya kai kujera, goma ne."

Sai mai winci, wato injin nan mai igiyar ƙarfe da ake ɗaurawa a bamba don mota ta jawo kanta idan ta kafe. Kullum maganarsa Sahara. Sai dai winci ba ya aiki sai da abin da za a ɗaura masa, kuma a Tenere bishiyar da ta yi suna guda ɗaya ce, ita ma wani direban babbar mota ya banke ta a 1973. Gawarta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Direbobin can in sun rasa madogara, safayar taya suke binnewa cikin yashi su ɗaura igiya. Mutuminmu bai san wannan ba, ba kuma zai buƙaci sani ba. Aikin da wincinsa ya yi a tarihi shi ne tuge kututturen darbejiya a ƙofar gidan surukinsa, kuma da yake ya kashe inji kafin ya fara, batir ya mutu, kututturen yana nan.

Mai fitilu ba ya buƙatar dogon bayani. Fitila takwas a rufi, rewaya ya ja waya ba fis, kowane dare yana makantar da bayin Allah a kan titi. Allah ya isan da aka yi masa ta fi kilomitocin da motar ta ci.

Akwai kuma mai kaya a rufi. Kariya tun daga gaba har baya, jarkoki huɗu ba ko ɗigon mai a ciki, tanti a naɗe, jan jak mai tsawon mutum, da shebur wanda har yau takardar farashinsa tana manne. Ranar da aka gama ɗaurin ya dawo gida da murna, saman gareji ya hana shi shiga. Tun daga lokacin motar a waje take kwana, ana biyan maigadi.

Dukkansu kuwa suna da uba ɗaya, wato makaniki mai cire-cire. Shi duk abin da bai gane ba, Bature ne ya sa shi don ƙasar sanyi. Na'urar da ke daidaita zafin inji? "Maigida, wannan na masu dusar ƙanƙara ne," ya jefa ta a kwali. Mota na shan mai? Sai ya kwance farfelar gaba, wadda ita ce ke kai ƙarfi tayoyin gaba, ya jingine ta bayan shago. Daga ranar motar da ƙafa biyu take ja, amma bututu da winci da shebur suna nan daram. Shi ya sa za ka ga ƙatuwar jif ta kafe a yashin bakin rafi, tayoyin baya na haƙa wa kansu kabari, na gaba sun yi tsit, mai ita yana ta jan ƙaramar giya yana salati. Wani kuma farfelarsa lafiya lau, bai dai san cewa a wasu tsofaffin motoci sai an sauka an murɗa makullin da ke cibiyar tayoyin gaba ba. Na uku ya sani, har ya wuce gona da iri: ya bar ta a ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta wata da watanni, sai da giya ta ɗaure. A ƙarshe shanun noma ne ke zuwa su fitar da su, mai shanun yana ƙoƙarin ɓoye dariya.

Mutanen da daji ya zame musu wurin neman abinci ba su da wannan ƙyale-ƙyale. Je ka Agadas ka ga masu bin hanyar Dirku, ko waɗanda suka riƙa jigilar masu haƙar zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014. Motarsu Hilux ce, ko Land Cruiser samfurin 70 da Toyota ke ƙerawa tun 1984, sau da yawa mai injin dizal 1HZ, silinda shida, lita 4.2, wanda ba ruwansa da kwamfuta. Abin da direban ya ƙara ba ya ɗaukar ido: ganyen sifirin ɗaya ko biyu a baya saboda lodi, tanki na biyu ko jarkokin da ke cike da gaske, ruwa mai yawa, safaya biyu, famfon iska, da faranten ƙarfe na shimfiɗa wa taya. Lagireto kuwa yana kula da shi kamar jariri. Da ya iso yashi mai laushi zai sauka ya rage iskar taya kusan rabi don ta baje, ya wuce abinsa, in ya hau tsandauri ya mayar. Nuna masa motar Alhaji Ɗaga-ta, zai zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa ƙasa, ya ce, "Ma sha Allah, ta yi kyau," ya koma kan shayinsa. Haka direbobin tsofaffin Land Rover na tsaunin Mambila, masu hawa da sauka a kewayen Gembu da ƙofa ɗaure da igiya. Su ko fenti ba su da lokacinsa.

Kai kuma mai karatu da ka fara tara kuɗin taka motar, ranar ciniki ka tafi da tabarma. Shimfiɗa ta ka kwanta a ƙarƙashin motar, ka tabbata farfelar gaba tana nan, don akwai jif da Hilux da tun daga kamfani ƙafa biyu suke ja. Ka ƙwanƙwasa shasi da sifana, saboda gishirin da ake zuba wa titunan Amurka da Turai lokacin sanyi yana cin ƙarfe ta ciki, baƙin fenti kuma yana rufa asiri. Dillali zai ce, "Haba Alhaji, kada ka ɓata shaddarka, wallahi wata tsohuwa ce ta hau ta." Ka ce masa ka ji, sannan ka kwanta.