Wasiƙa Zuwa ga Uwar Garke

Zuwa ga mai alfarma Uwar Garke, wadda yara ke kira saba, mazauniyar ɗakin sanyi a birnin Ikko.

Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarki da ta injin da ke hura miki sanyi dare da rana alhali mu muna rabon inuwar ɗorawa, na rubuto ne a madadin manoman ƙasar Dambatta, waɗanda sunayensu da bashin takinsu da lissafin buhunan gero da gyaɗarsu suke ajiye a cikinki, ko da yake babu ɗayansu da ya taɓa ganin ƙofar gidanki.

Malamin da ke riƙe da littafin ƙungiyarmu ya fahimtar da mu cewa kwamfutar gabansa taga ce kurum, aikin kuwa can a wurinki ake yinsa. Kuma shi kansa injiniyan da aka ɗora wa amanarki ba ya taka ƙafa inda kike, sai dai ya zauna a gidansa, ya buɗe ƙaramar kwamfutarsa, ya ƙwanƙwasa ƙofarki mai lamba 3389 ta hanyar nan ta Remote Desktop da kamfanin Microsoft ya fito da ita a 1998, daga nan ya ga duk wanda ke cikinki, ya aika wa wannan gargaɗi, ya kori wancan, in ya ga dama ya karɓe linzamin malaminmu, mu zuba ido kibiya tana yawo a allo babu hannun da ke jan ta, har wani dattijo ya ja da baya yana ta'awwizi.

Ranki ya daɗe, wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Kafin zuwan Nasara a 1903 hakimai a birni suke zaune, ƙasashensu kuwa jakadu ke kai musu umarni su komo da haraji, har ya zama mai sarauta na hukunci a kan garin da bai san hanyarsa ba. Sai a zamanin Sarki Abbas aka yanka gundumomi, aka ce kowane hakimi ya fita ya zauna cikin talakawansa, shi ya sa Sarkin Bai yake Dambatta, Madaki yake Dawakin Tofa. Jakadan da ma, duk da abin da ake faɗa a kansa, yakan sha ruwan rijiyarmu, ya san lokacin da hatsi ya nuna. Naki jakadan iska ce da ke bi ta kan dogon ƙarfe, ba ta cin tuwon kowa, ba ta jin kunyar kowa.

Ga asalin ƙararmu. Injiniyan naki, Allah ya saka masa, ya yi ijtihadi ya ga cewa ranar da ta fi dacewa a kashe ki a yi miki gyara a sake tayar da ke ita ce Lahadi, domin ofisoshin Ikko a kulle suke, kowa yana hutu. Ƙiyasi ne mai kyau, illa dai Lahadi ita ce ranar da kasuwar Dambatta ke ci, ranar da mutum ke kora ɗan akuyarsa tun asuba daga ƙauye, ya sayar, ya zo da kuɗin a ƙulle a lalitarsa don ya sauke bashi, sai ya tarar da malami ya yi tagumi gaban allo, yana cewa saba ta faɗi, a dawo gobe. Kuɗin akuya kuwa, kowa ya sani, ba sa kwana biyu a aljihu.

An kuma gaya mana ɓarayi na yawo suna gwada wannan ƙofa taki, in sun tarar da kalmar sirri mai rauni su kulle littattafai su nemi kuɗin fansa. To in har haka ta auku, muna roƙon a bar shafin masu bin ƙungiya kuɗi lafiya, shafin bashin taki kuwa ba mu da ja da ƙaddara.

Ba mu ce a ɗauko ki a kawo nan ba, don wutarmu ba za ta riƙe ki ba ko na wuni guda. Abin da muke nema a isar wa injiniya shi ne ya mai da gyaransa daren Talata, bayan lisha. In kuwa ya iya zuwa da kansa ko sau ɗaya bayan kaka, ɗakin baƙi a share yake, fura ma ba za ta gagara ba.

Wassalam. Naki mai biyayya,
Wani manomi daga ƙasar Dambatta